Kujerar da Aka Ɓamɓare wa Lamba

Daga:
Babban Jami'in Amsa Wasiƙun Jama'a,
Sashen Hulɗa da Jama'a,
a halin yanzu a ɗakin ɗinkin maiɗakina.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Hawa na Uku, Babban Ofis.

Litinin, 9 ga Satumba.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KAYAN OFISHIN GIDA DA AKA KAWO MINI, MUSAMMAN KUJERA GUDA DA TA ISO BABU LAMBARTA

Bayan gaisuwa da girmamawa kamar yadda ya dace da matsayinka, ina neman izinin gabatar da kokena. Na san ƙa'ida ita ce takarda irin wannan ta biyo ta hannun Mataimakin Darakta. Da gangan na tsallake shi, kuma dalilin zai bayyana kafin ka kai ƙarshe. Da hannu kuma na rubuta, shi ma dalilinsa yana ciki.

A ranar Litinin, 3 ga Yuni, Mataimakin Darakta ya kira ni ofishinsa, ya ba ni wurin zama, har ya sa aka kawo mini shayi. Shekara ashirin da shida ina shiga ɗakin nan, ko ruwa ba a taɓa miƙo mini ba. Ya sanar da ni cewa an zaɓe ni cikin waɗanda za su riƙa aiki daga gida, saboda nisan unguwarmu da kuma ciwon gwiwata, wanda ban taɓa kai wa kowa kukansa ba. Ya yi alkawarin za a kawo mini duk abin da ofis ke buƙata, sabo fil: tebur, kujera mai juyawa mai tallafe baya, kwamfuta, firinta, na'urar intanet, fitilar tebur da kabad na fayil. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya gaisa da ni da hannu biyu. Na fito ina godiya, amma zuciyata tana faɗa mini cewa ruwa ba ya tsami banza.

Duk da haka na yi shiri tsakani da Allah. Maiɗakina ta bar mini ɗakin da take ɗinki a ciki, aka fitar da kekenta baranda, inda yanzu take auna masu kawo ɗinki a idon duk mai wucewa. Na sa an yi fenti, mai gyaran wuta ya ƙara soket biyu, na kafa wa yara dokar shiru daga takwas zuwa huɗu. Mahaifiyata kuwa, wadda ke zaune tare da mu, ta bi maƙwabta tana shaida musu cewa ɗanta ya yi girman da ofis ne ke biyo shi gida. Ga abin da ya biyo baya:

1. Kayan da suka iso ranar Alhamis, 20 ga Yuni, babu sabo ko ɗaya a cikinsu in ban da fitila. Teburin nawa ne na ofis. Na gane shi da tabon ƙunar butar shayi a kusurwar hagu, da aljihun da ba ya rufuwa sai an sa masa gwiwa. Kujerar ma tawa ce ta katako, har da matashin da maiɗakina ta ɗinka mini shekarun baya. Ban ƙi su ba, gaskiya ma na ji daɗin ganinsu kamar na ga 'yan'uwa. Sai da motar ta tafi na tambayi kaina: in teburina yana nan, to me ke tsaye a gurbinsa a can?

2. Kwamfutar tana kunnuwa lafiya lau, amma duk lokacin da na shigar da sunana don in buɗe wasiƙun jama'a, sai ta ce ba ta san ni ba. Na kira mai kula da na'urori, ya ce matsalar daga sama take. Na tambaye shi ko saman intanet yake nufi ko saman bene, sai ya ce kiran yana yankewa. Firintar ta zo babu wayar da ke haɗa ta da kwamfuta, shi ya sa kake karanta rubutun hannuna. Kabad ɗin an kawo shi wayam, ko fayil ɗaya babu daga cikin ƙorafe-ƙorafen da na bari ban kammala ba, har da na wata baiwar Allah da na yi wa alkawarin amsa kafin ƙarshen wata. Na'urar intanet ita kam tana aiki, kuma autarmu ce kaɗai ke cin moriyarta. A duk kayan nan fitila ce kawai ta cika alkawari, ga ta nan tana haska tebur babu takardar aiki ko ɗaya a kai.

3. Ba a kawo mini tambarin sashe ba. Ranka ya daɗe ya fi ni sanin cewa wasiƙar da ta fita daga hannuna babu tambari, takardar ƙunshe gyaɗa ta fi ta amfani. Da na tambaya, sai aka ce an kai shi gyara. Tambarin roba ne da mariƙin katako. A iya zamana a ma'aikatar nan na ga an gyara fanka, an gyara janareta, an gyara rufin bene, amma ban taɓa jin an kai tambari gyara ba.

4. Ina roƙon a lura da halin direban da ya kawo kayan. Mutum ne mai barkwanci, wanda ko a jana'iza sai ya nemi abin da zai sa a murmusa. A ranar bai yi wasa ko ɗaya ba. Da suka gama sauke kaya, shi da kansa ya ɗauko kujerar, bai bar 'yan dako sun taɓa ta ba, ya ajiye ta a hankali a tsakiyar ɗaki, ya cire hula. Ga abin da ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba: "Allah ya sa a ci moriyar hutu, Yallaɓai. Mu ma Allah ya nuna mana namu lafiya." Na ɗauka hutun hawa mota yake nufi, na amsa da amin. Yanzu wannan amin ɗin tana damuna ƙwarai.

5. Wannan shi ne ainihin kokena. Ranka ya daɗe bai daɗe da zuwa ma'aikatar nan ba, don haka ina neman afuwa in bayyana wata al'adarmu da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Kowane kaya na ma'aikata yana da ɗan ƙarfe mai lamba da aka kafa masa da ƙusoshi biyu, shaidar cewa na hukuma ne. Idan ma'aikaci ya yi ritaya, ba a raba shi da kujerarsa. Mai kula da sito yakan ɓamɓare lambar, direba ya kai masa ita har gida, ya ajiye a tsakiyar ɗaki ya yi addu'a. Daga ranar da mutum ya zauna a kanta a gidansa, ya karɓi sallama ke nan. Haka aka yi wa maigidana na farko a sashen nan, kuma ni da maiɗakina mun je yi masa murna, ya kifa kujerar ya nuna mana ramukan ƙusa biyu yana dariya, idonsa cike da ƙwalla.

A ranar Asabar, 27 ga Yuli, maiɗakina ta shiga share ɗakin, ta ɗaga kujerar ta kifa a kan tebur don tsintsiya ta samu hanya. Sai na ji sharar ta tsaya. Da na leƙa, na tarar da ita tsaye, tsintsiya a hannu, tana kallon ƙasan kujerar. Ramuka biyu ne, da wani ɗan wuri mai haske inda ƙarfen ya saba zama. Na duba tebur, lambarsa tana nan. Na duba kabad da kwamfuta da firinta, har fitila, kowanne da tasa. Kujerar ce kaɗai aka cire wa.

6. Na nemi bayani daga mai kula da sito, kuma ya ba ni amsa uku mabambanta. Da farko ya ce lambar ta faɗi ne a hanya saboda gargada. Da na ce masa ga sawun sukudireba nan sabo a jikin katakon, sai ya ce tun asali kujerar ba ta da lamba. Da na tuna masa cewa shi da kansa yake durƙusawa ƙarƙashina duk ƙarshen shekara yana karanta ta lokacin ƙidayar kaya, sai ya ce shi umarni yake bi, kada in sa shi a tsakiya, yana da iyali. Ban tambaye shi umarnin wa ba, domin kada in jefa shi cikin matsala. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ina neman gafarar Allah, amma biri ya yi kama da mutum.

7. A ranar Talata, 6 ga Agusta, na zo ofis da ƙafata. Maigadin da ya saba buɗe mini ƙofa tun daga nesa ya miƙo mini katin baƙi, yana kallon takalmansa. Na rataya, na hau. A ɗakina na tarar da sabon tebur a jikin tagata, da kujera mai juyawa mai tallafe baya, irin wadda aka siffanta mini ranar shayi, ko ledar hannunta ba a gama cirewa ba. Wani matashi ne a kai, mai ladabi ƙwarai, ya miƙe ya gaishe ni, ya tambaye ni ko ƙorafi na kawo. Ba ni da abin faɗa a kansa, ɗan mutane ne, neman abincinsa yake yi. Sai dai a gabansa na ga tambarin da aka ce yana wurin gyara, jiƙe da tawada, da alama ya samu sauƙi.

Na nemi ganin Mataimakin Darakta, sakatariyarsa ta ce ya fita taro, alhali ina jin tarinsa ta bayan ƙofa. Ina tsaye kuma na hangi wani abu mai faɗi, zagayayye, naɗe da takarda mai ƙyalli a gefen teburinta. Da ta ga inda idona yake, sai ta yafa masa mayafinta. Mayafi yana rufe abu, Ranka ya daɗe, amma ba ya hana agogon bango ƙara. Kowa a ma'aikatar nan ya san wa ake saya wa agogon bango: wanda za a sallama.

8. Ba na musun cewa albashina yana shiga. Amma rago ma ana ba shi dusa har safiyar da za a kayar da shi. Shekara huɗu suka rage mini bisa doka, kuma a kansu na ɗora karatun 'ya'yana biyu. Kullum ƙarfe takwas nakan yi wanka, in sa kaya har da takalmi, in shiga ɗakin in rufe ƙofa, in kunna fitila. Yara suna tafiya da sanɗa don kada su dami Baba yana aiki. Mahaifiyata takan turo mini addu'a ta bayan ƙofa, Allah ya ƙara girma. Autarmu ta tambayi uwarta me ya sa ba a taɓa kiran Baba a waya daga ofis ba, uwar ta ce mata manyan ma'aikata ba a kiransu barkatai. Maiɗakina tana ɗinki a baranda, iska na kwashe mata zare, ba ta taɓa cewa in mayar mata da ɗakinta ba. Wannan shirun nata ya fi komai ci mini rai. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro, ban ga amfanin ɓoye maka ba.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma Babban Darakta:

(a) Ya sa a binciki wanda ya ba da umarnin cire lambar kujerata, da ranar da aka ba da shi, ba tare da an huce a kan mai kula da sito ko direba ba.

(b) Idan har ni ma'aikaci ne, a buɗe mini kwamfuta, a kawo wayar firinta da fayilolina da tambari, a kuma turo wanda zai mayar da lambar inda take.

(c) Idan kuwa an sallame ni ne, a faɗa mini a rubuce, a gaya mini laifina, a kira ni a gaban abokan aikina kamar yadda aka yi wa waɗanda suka gabace ni. Na fi son a miƙo mini agogon nan hannu da hannu, da a bar shi yana ƙirga mini kwanaki a ƙarƙashin mayafi.

(d) Kada a amsa mini da takardar nan mai cewa an karɓi kokenka kuma ana kan duba lamarin. Ni na tsara ta, na san adadin kwanciyar da take sa mutum ya yi yana jira.

A ƙarshe, ina so a shaida a kuma ajiye a fayil cewa tun ranar 27 ga Yuli ban sake zama a kan kujerar nan ba, kuma zaman da na yi kafin ranar cikin rashin sani ne, ba karɓar sallama ba ne. A kan ɗan bencin da maiɗakina ke zaunar da masu jiran ɗinki na rubuta wannan takarda, gwiwata tana faɗa mini abin da take faɗa. Kujerar tana nan a kife a kan tebur yadda aka bar ta, ƙafafunta a sama. Duk wanda za a turo da lambar ba sai ya durƙusa ba, ramukan suna kallonsa. Guduma da ƙusa kuma akwai a gidan.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya, a kuma kai maka taka kujerar da saninka.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Babban Jami'in Amsa Wasiƙun Jama'a,
har zuwa ranar da za a faɗa mini akasin haka.

Wurin tambari: na bar shi fili.