Tafin da Ya Tona Ni a Mashayar Gaspard

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na je mashayar Gaspard kallon zari-ruga. Da na ce ba zan je ba, amma namu ne ke wasa, Fiji, kuma talabijin ɗin ɗakina ba ya kama tashar. Na ja hula har gira, na zauna bakin ƙofa.

Ashe akwai 'yan gida a garin nan. Su bakwai, sun haɗa tebur biyu, sun baza tuta, suna ihu da harshenmu.

Abin da nake gudu ke nan. Mutanenmu tambaya biyu ta ishe su su gano kakanka, kafin ka koma ɗaki labarinka ya isa tsibirinmu Kadavu. A can kowa ya san ni, Kitione, ina Faransa ina buga wa kulob wasa. Saniya aka yanka ranar rakiyata. Hotona yana rataye a zauren coci. Ba wanda ya san gwiwata ta tashi aiki tun a wasa na biyar, kulob ya sallame ni, wata goma sha huɗu ke nan tukwane nake wankewa a bayan gidan abinci. Inna ba ta sani ba. Ita ce ma ba na so ta sani.

Wata mata mai furfura ta taso daga teburinsu, ta ce da harshenmu, "Ɗana, ɗan ina ne kai?" Na amsa da Faransanci, na ce ni ɗan tsibirin Kaledoniya ne, inda ake yin Faransanci, sunana Kristof. Ta ce "To." Ban ji daɗin wannan "to" ɗin ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na kira Inna da safe. Wai yau ma an yi wa ƙafafuna addu'a a coci. Na ce mun ci wasanmu. Na sake tuna mata ba a nuna irin namu a talabijin.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Matar nan ta zo har ƙofar baya ta wurin aikina. Unaisi sunanta, jinyar tsofaffi take yi. Wai wucewa ta zo yi. Wa ke wucewa ta lungun da ake ajiye shara? Ta miƙo min roba, rogo da kifi a ruwan kwakwa, wai ta ji 'yan Kaledoniya ma suna ci. Bugun ciki ne, ba komai ba. Kuma wa ya gaya mata inda nake aiki? Gaspard mai mashayar nake zargi, bakinsa ba ya shiru.

Na cinye a tsaye, har na suɗe robar.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na koma mashayar. Kuskure.

Babban 'yan gidan nan, Peniasi, direban babbar mota, wuyansa kamar turmi, ya jawo kujera ya ce da Faransanci, "Ɗan Kaledoniya, bakin ƙofa na 'yan gudu ne, matso." Na matsa don kada a ce wani abu.

Mutumin nan ba wasa yake kallo ba, ni yake kallo. 'Yan wasa na tsakiyar turereniya ya juya ga sauran ya ce da harshenmu wai 'yan Kadavu ko ƙwallo ka ba su sai sun tambaya ko ana dafawa. Suka fashe da dariya. Na cije leɓe har na ji gishiri. Tarko ne, na sani, kuma ban faɗa ba. Da namu suka dire ƙwallo a bayan layi ma da Faransanci na yi ihuna.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Gwiwa ta kumbura. Sanyi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Shi ke nan.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Unaisi ta fito da kwano ta dama yangona, saiwar nan da muke dakawa mu sha a gida. Gaspard yana barinsu, muddin ba a zubar masa a ƙasa ba. Peniasi ke rabawa a ƙoƙon kwakwa. Ya ba Gaspard, ya karɓa da hannu ɗaya yana yamutsa fuska. Ya ba wasu Faransawa biyu, suka kurɓa suka ajiye. Ni hankalina yana kan allo, ana maimaita wata faɗuwa irin wadda ta ci min gwiwa. Sai ga ƙoƙo a gabana.

Ban san lokacin da na tafa ba. Tafi ɗaya, hannu a lanƙwashe, mai zurfin nan da Baba ya koya min tun ban kai tebur tsawo ba. Na karɓa da hannu biyu, na shanye ban sauke ba, na tafa sau uku.

Peniasi ya duba cikin ƙoƙon, ya ce da harshenmu, a hankali, "Kai, Kaledoniya ta iya tarbiyya." Wani ya tuntsire. Unaisi ba ta yi dariya ba, cewa ta yi, "Daga ranar farko na gane ka, Kitione. Ƙanwata tana aure a ƙauyen da ke kusa da naku, na ga hotonka a coci."

Na fita ban ga ƙarshen wasa ba. Ban ma san wa ya ci ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ban kira Inna ba. Waya a kashe. Yanzu haka ana can ana sauke hoton.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na kunna. Saƙon murya ɗaya daga Inna: lafiya ban kira ba, ko wasa ne ya gajiyar da ni, kuma akuyarta ta haifi biyu. Na saurara sau shida ina neman inda muryarta ta canza. Ban samu ba. Ko dai matar nan ba ta faɗa ba tukuna, ko kuma sun haɗa baki suna jira su ga iya ƙaryata.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Na fito hutun rana na tarar da Peniasi zaune a kan kwandon dankali a lungunmu. Na ce, "Kawu, in ka zo yi min wa'azi ne, tukwane na jirana." Ya ce, "Zauna, kai ɗin banza."

Ya zame rigarsa ya nuna min kafaɗa, ɗinki tun daga wuya. Shi ma wasa ya kawo shi ƙasar nan. Ya ce a bakwai ɗin nan huɗu haka suka zo, ina tsammanin ni na fara? Ba wanda zai kai labarina gida, a teburin nan ba a yi. Amma shi shekara tara yana gaya wa mahaifiyarsa an ci wasa. Ko hutu bai taɓa zuwa ba, don kada a ce ya ɗaga hannu ya jefa ƙwallo a gani. Ta rasu. "Har yau ban san ko ta yafe min rashin zuwa ba," in ji shi. "Kafaɗar kam ba ta taɓa sani ba, balle ta yafe."

Ya tashi ya karkaɗe wando. Wai in mayar wa Unaisi robarta, tana cigiya.

Haushinsa nake ji. Ban san dalili ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Na faɗa wa Inna. Duka, har tukwanen.

Ina jin kukan 'yan akuyar a bayanta. Na jira ta ambaci hoto, ko saniya, ko me za ta ce wa mutanen coci. Sai ta ce, "Da aka yi maka aikin gwiwar a asibiti, wa ya zauna da kai?"

Na ce ba kowa.

Ban taɓa jin ta yi irin wannan kukan ba, ko ranar da aka binne Baba. Tana ta cewa wata goma sha huɗu, wata goma sha huɗu, tana ta addu'ar cin wasa ɗanta yana kwance shi kaɗai. Ta ce yanzu fa, wa nake da shi a can? Na ce akwai wata Gwaggo Unaisi, mai shegen bin diddigi. Ta ce in ba ta lambarta.

Ban yarda da matar nan ba har yanzu. Na dai ba da lambar.