Gonar Baba da Kaburburan Girkawa

Bengazi, 6 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Galiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ba Mar'i direba wannan takarda ya miƙa miki hannu da hannu, tunda kin daina ɗaukar wayata.

Abin da kika yi mini ranar Juma'a, ko maƙiyina ba zai yi ba. Na taso daga Bengazi da mota uku, na kawo Alhaji Miftah da iyalinsa su ga garinmu Shahat, mutumin da saura wata biyu ɗana Siraj ya auri 'yarsa. A hanya har ina cika baki, ina ce masa ƙanwata ce ke zagayawa da baƙi a kufan Girkawa, babu ginshiƙin da ba ta san tarihinsa ba. Ashe ni na kai kaina inda za a tozarta ni.

Kin tsaya a gaban motarsa a bakin ƙofar kufan, kin kira mai gadi, kin ɗaga murya kin ce, "Alhaji, buɗe bayan motarka." A gaban matarsa. A gaban 'yarsa. A gaban malaman makarantar da suka zo yawon buɗe ido daga Darna, suna ɗaga wayoyi suna ɗauka. A kan me? Ɗan guntun daɓe da bai kai faɗin faranti ba. Dattijo mai furfura kika sa ya sauko da kwali da hannunsa kamar ɓarawon kasuwa.

Tun ranar bai amsa sallamata ba. Siraj ba ya cin abinci. Matata Fawziyya kuka take yi.

Ba shawara nake ba ki ba. Ranar Alhamis ki shigo motar Mar'i, ki taho da zuma mai kyau, mu je gidan Alhaji ki ba shi haƙuri. Ni ne babba tun da Baba ya rasu, kuma na faɗa.

Ki gaida mutanen gida. Wassalam.

Yayanki,
Abdulwanis

*

Shahat, 8 ga Afrilu

Yaya Abdulwanis,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na karanta takardarka sau biyu, na ga ka tsallake rabin labarin, bari in cike maka.

Kun iso da tukunya da buhun gawayi. Kun hura wuta a jikin ginshiƙin da ke kusa da idon ruwa, kuka dafa taliyarku har farin dutsen ya yi baƙi ƙirin. Na kau da kai, don baƙinka ne. Jikokin Alhaji suka hau kafaɗar mutum-mutumin nan marar kai suna sukuwa, uwarsu tana ɗaukar hoto. Na haɗiye. Na zagaya da ku har dandalin wasa ina bayani, babu mai saurarena sai amaryar Siraj, Tasnim, Allah ya yi mata albarka.

Da na waiwayo na ga babu Alhaji, na koma nemansa, na same shi a durƙushe a ɗakin nan mai daɓen ƙananan duwatsu masu launi, da ƙarfen cire taya a hannunsa. Ya riga ya ɓanɓare hoton tsuntsun da ke tsakiyar daɓen. Na ce, "Alhaji, me kake yi haka?" Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "'Yar nan, a falona zan sa. Masu shi arna ne, sun mutu tun kafin kakan kakanki. Wa zai tambaya?" Na ce, "Ni zan tambaya." Ya yi dariya ya ce, "Abdulwanis, ƙanwarka da zafi take."

Ka ji sunan da ya kira? Kana tsaye a bayansa, Yaya. Kai ka riƙe masa kwalin. Wannan ne ba ka rubuta ba.

Shekara talatin da huɗu Baba yana gadin wurin nan. Duk shigowar sanyi da hannunsa yake rufe daɓen nan da yashi don kada ruwan sama ya ci shi, in bazara ta yi ya share da tsintsiya mai laushi. Shekaru aru-aru tsuntsun nan yana nan, girgizar ƙasa ba ta ɗauke shi ba, yaƙi bai ɗauke shi ba, sai surukinka da ƙarfen taya. Yanzu yana cikin kwali, ya rabu gida biyar.

Ba zan zo ba. Zumar ma ba zan aiko ba.

Sannan ina da tambaya. Ranar Talata wasu mutum biyu sun shiga gonar Baba da igiyar awo, suna kafa turaku ta gefen kaburburan da ke cikin dutse. Na tambaye su wa ya aiko su, suka ce Alhaji Miftah. Me ka ƙulla a bayana?

Ka gaida Fawziyya, ka ce wa Siraj ya ci abinci, ba shi ya yi laifi ba.

Ƙanwarka,
Galiya

*

Bengazi, 11 ga Afrilu

Galiya,

Sallama da gaisuwa. Kin yi tambaya, ga amsa. Na sayar wa Alhaji kasona na gonar. Zai gina ɗakunan saukar baƙi masu zuwa shan iska. Kasona ne, shari'a ta ba ni, ban taɓa taku ɗaya na naki ba. Albarkacin cinikin ne ma ya sauko ya amsa wayata jiya. Wato abin da kika ɓata, ni na gyara.

Kullum Baba, Baba, kamar ke kaɗai ya haifa. To, bari in gaya miki wane ne Baba. Kin san ina ɗingishi. An ce miki daga itacen ɓaure na faɗo, ko? Inna ce ta shirya wannan don kada ki ji. Ina da shekara tara, ke kina goye. Na kai wa Baba abincin rana a kufai, na same shi da ayarin Italiyawa. Na hau bangon dandalin wasa ina jiransa, dutse ya zame, na faɗo. Na ji ƙarar ƙashina da kunnena. Baba ya zo da gudu, ya duba, ya ja ni inuwa, ya ce, "Zauna nan, kada ka yi kuka a gaban baƙi, yanzu zan dawo." Ya koma ya ci gaba da nuna musu duwatsu. Ina jiyo muryarsa yana bayani da harshensu, suna dariya, suna tafa masa. Tun azahar nake kwance har aka kira la'asar. Kafin a kai ni asibiti a Baida ƙafar ta kumbura kamar salka. Likita ya tambaye shi me ya sa aka makara, ya ce babu mota.

Shekara arba'in da uku ina jan wannan ƙafa. Ban yi ƙwallo ba, ban shiga soja da abokaina ba, ranar aurena a zaune na karɓi gaisuwa. Har Baba ya koma ga Allah bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba. Amma in ɗan yawon buɗe ido ya jingina da ginshiƙi, sai ya yi tsalle kamar an taka masa ido.

E, na riƙe wa Alhaji kwalin. Da ya ce in taya shi ɓanɓara ma da na taya shi. Ke kika gaji Baba: dutse ya fi miki mutum. Auren ɗan ɗan'uwanki kika jefa cikin wuta saboda hoton tsuntsu.

Katafila za ta shiga gonar kafin ƙarshen wata. Kada ki sa kanki a gaba.

Abdulwanis

*

Shahat, 14 ga Afrilu

Yayana,

Ina gaishe ka. Ban yarda da takardarka ba, sai na tafi wurin Gwaggo Mabruka na karanta mata. Ta ce, "Haka aka yi. Uwarku ta yi wata uku ba ta yi masa magana ba." Na fito na zauna a ƙofar gidanta na yi kuka kamar yau aka yi. Hoton Baba da ke ɗakina na kife shi. Ban san ranar da zan ɗaga ba. Ya zalunce ka, Yaya, kuma kun zalunce ni da kuka bar ni shekara arba'in ina yi maka tsiyar hawan ɓaure.

Amma ka saurare ni. Mutanen da ke kwance a gonar nan ba su ne suka bar ka a inuwa ba. Kaburbura bakwai ne, biyar suna ɓangarenka. A bakinsu muka yi wasan ɓuya, a nan Inna take shanya tumatir. Kana fushi da mutum ɗaya da ya mutu, za ka huce a kan waɗanda ba su san ka ba.

Ga abin da zan iya. Kasona yana bakin titi, shimfiɗaɗɗe ne, kabari biyu ne kawai a can ƙarshensa. Ya fi naka kyau ga mai gini, Alhaji ma ya sani. Mu yi musaya: ya ɗauki filin da ke bakin titi, ya bar mini duwatsun. Maigidana ya ce na haukace, na ce na ji.

Na kai ƙara wurin hukuma, an ce in jira. Ba zan jira ba. In ka ƙi musayar, wallahi direban katafila zai same ni zaune a bakin kabarin farko, sai ya fara da ni.

Ina jiran amsarka ta hannun Mar'i.

Galiya

*

Bengazi, 3 ga Mayu

Galiya,

Assalamu alaikum. Ban amsa takardarki ba don ban so in amsa ba. Na nuna wa Alhaji maganar musaya, ya ce ya yarda. Ni na ƙi. Ki san wannan.

Kin riga kin ga gonar, Mar'i ya ce kin tsaya a kan ɓaraguzan kina kiran sunana da abin da ba zai iya maimaitawa ba. Ba ki san yadda aka yi ba, shi zan gaya miki.

Ni na zaɓi ranar. Na bincika na ji za ki raka baƙi kufan Susa a bakin teku, ba za ki dawo ba sai yamma. Da hantsi muka shiga. Kabari na farko da na biyu babu komai a ciki sai kashin awaki, tun zamanin da aka wawashe su. Ina tsaye ina kallo, kuma ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Na ce a raina, Baba, fito ka hana.

Na ukun a bayansa akwai wani ɗaki da ba mu taɓa sanin da shi ba, an toshe bakinsa da faifan dutse. Katafila ta yaye rufin. Da ƙura ta lafa muka leƙa. Mutum biyu ne a kwance, babba da ƙarami. Ƙaramin bai fi tsawon hannuna ba. An ajiye masa ɗan tulu a kusa da kai, da wata 'yar tsana ta yumɓu. Wani ya kwantar da ɗansa a nan, Galiya, ya gyara shi, ya toshe ƙofar da kyau don kada kowa ya taɓa shi.

Alhaji ya sauka ya ɗauki tulun yana juyawa, ya ce, "Wannan kam ba a bakin ƙofar ƙanwarka yake ba." Ya ce wa direban katafilar, "Kwashe tarkacen nan ka zuba a kwari." Direban ya sa bakin katafilar ya kwaso rabi.

Ban san lokacin da na isa gaban katafilar ba, da wannan ƙafar tawa. Na ce ya kashe inji. Alhaji ya ce, "Kai ma ciwon gidanku ya kama ka?" Na ce ya ajiye tulun. Ya ce, "Ƙasata ce, na saya." Na fizge daga hannunsa, na gaya masa abin da ke kanki ba ki gaya masa ba ranar Juma'ar nan, har da ƙari. Ya shiga mota yana rantsuwa cewa 'yarsa ba za ta shiga gidan mahaukata ba.

An fasa auren. Siraj ya kwashe kayansa ya koma wurin abokinsa. Tasnim, an ce, ta gaya wa ubanta ita ba ta fasa ba, ban san inda wannan zai kai ba. Maganar gonar tana gaban dattawan danginmu da nasu, katafila ba za ta dawo ba sai sun yanke.

Kada ki ɗauka na yafe wa Baba. Kada kuma ki ɗauka na fara son duwatsunki, har gobe in na ga ginshiƙi raina ɓaci yake. Kuma har yanzu ina cewa da kin ja Alhaji gefe kin yi masa magana a hankali, da duk wannan bai faru ba.

Ƙasusuwan na tsince su da hannuna, har waɗanda suka gangara kwari. Na kasa raba na babban da na ƙaramin. Suna cikin buhun gari biyu a tsohon ɗakin Baba na gona, tare da tulun da 'yar tsanar. Makullin yana cikin ambulan ɗin nan. Ban san abin da ake yi wa irin waɗannan mutane ba. Ke kika sani.

Wassalam.

Yayanki,
Abdulwanis

*

Shahat, 5 ga Mayu

Yaya,

Na buɗe ɗakin. Tulun da 'yar tsanar na kai gidan adana kayan tarihi, masana sun zo sun auna abin da ya rage, sun ce a mayar da mutanen inda aka same su.

Ka zaɓi ranar da ba na nan. Kaburbura uku ka rushe bayan na miƙa maka kasona. Ban yafe ba, kuma kada ka tambaye ni yaushe.

Na kira Siraj, ya ce zai zo. Ranar Asabar da safe za mu mayar da su. Ba zan ɗauki buhunan nan ba, wanda ya tono su shi zai ɗauka. Ka taho da shebur.

Galiya