Rasuwar Dakta Terkula Wilfred, da Roƙo Kan Firizarsa

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Masu Binciken Garkuwar Jiki ta Potiskum ta samu labarin rasuwar tsohon shugabanta kuma uban ƙungiya, Dakta Terkula Wilfred, wanda ya rasu ranar Talata a gidansa da ke unguwar Bolewa, cikin tsufa da kwanciyar hankali, a gaban iyalinsa.

Marigayin ya zo garin nan daga Binuwai yana saurayi, ya kuma ƙarar da rayuwarsa kan tambaya ɗaya: yadda saitokain, wato saƙonnin da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna, ke tayar da monosait, fararen ƙwayoyin jinin da ke cinye ƙwayoyin cuta. Ya sha gaya wa ɗalibansa, da Hausarsa mai karin harshen Tibi, cewa tayar da su ba wuya. Wuyar tana ga saƙon da zai dakatar da su kafin su yi wa mai jikin ɓarna. Makiyayan Nangere da suka ba shi jininsu lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kama su sun saurari wannan bayani cikin ladabi, sannan suka roƙe shi ya duba musu shanu.

Jinin yana nan a firizar ɗakinsa na baya, domin ya fi amincewa da solar gidansa a kan wutar ofis. Idan ya narke, aikinsa na ƙarshe ya tafi, tunda makiyayan sun tashi da garkensu tuni. Ƙungiya na yaba wa maƙwabtan da suka zo zaman makoki jiya, suka ga firiza mai sanyi haka, suka fara kwashe kwalaben jinin da ke ciki domin samun wurin sanyaya wa baƙi zoɓo. Niyyar kirki ce. An mayar da komai kafin ya narke, kuma muna roƙon kada a maimaita.

Muna addu'ar Allah ya ba uwargidansa, Madam Mnena, da 'ya'yansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Madam ta amince firizar ta ci gaba da aiki har ɗalibansa su kammala gwajin jinin, ko bayan ta raka shi Binuwai jana'iza. Ta ce tun yana raye ba ta taɓa samun gurbin nama a ciki ba, ba yanzu za ta fara nema ba. Da safiyar yau ta rufe ƙofar ɗakin, ta danƙa mini makullin, na fito da shi.

Dakta Asma'u Joda
Jami'ar Hulɗa da Jama'a, a madadin Ƙungiya