Abin da Aka Tono a Gonarmu

Karaye, 4 ga Maris

Zuwa ga iyalina Kyauta,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar jinya? Yaya jikin ɗiyarmu Bushira, ɗinkin yana kamewa? Ki shafa mini kan jaririn. Mu nan lafiya lau, albasa ta shiga rumfa.

Sau biyu na kira ki a waya na kasa faɗin abin da ke bakina, shi ya sa na ba direban motar Jega wannan takarda.

Kin san kamfanin da na sayar wa gona ba zai fara gina gidajen ba sai masu binciken kayan tarihi sun duba ƙasar, tunda kufai ce. Sun zo daga jami'a, shugabarsu wata Dakta Mufida. Sun ja igiyoyi, suna kankare ƙasa da cokalin magini, suna tankaɗe ta a rariya. Sun samu dutsen niƙa da kashin maƙera, wai tun kafin kakanninmu. Kullum ina zuwa kallo.

Ranar Talata ta kira ni gefe. Yamma da inda ɗakinmu yake lokacin da muke zaune a gonar, sun tarar da fasasshen tulu a kife, an jera gutsattsarinsa. Ta ce wannan ba tsoho ba ne, kuma da suka ɗaga gutsure ɗaya suka ga abin da ke ƙasa, sai suka mayar suka tsaya. Na duba wuyan tulun. Zanen yatsa uku ne, irin na Innarki. Tulun da ta gina miki na aure ne, wanda na ce miki jaki ya fasa.

Kyauta, ni na fasa shi. Ranar da ɗiyarmu ta fari ta koma, tana kwana biyar, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ke kuma zazzaɓi ya ɗauke miki hankali. Ban samu itacen rufe kabari ba, na rufe ta da tulun. Da kika tashi bayan arba'in kika ce in nuna miki wurin, ciyawa ta rufe ko'ina, na duba na rasa. Kunya ta hana ni faɗa, sai na nuna miki gindin tsamiya. Shekara talatin da ɗaya kina tsayawa can kina addu'a, ina kallonki. Har da zan sayar da gonar na cire wurin tsamiyar daga cinikin don hankalinki ya kwanta, ashe har da kabarin ɗiyar na sayar.

Dakta ta roƙi kamfanin, sun ba mu mako guda. Ki gaya mini yadda kike so a yi.

Mijinki,
Malami

Karaye, 12 ga Maris

Kyauta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da mai jego da yaron.

Direba ya kawo ƙullin da kika aiko. Na kwance na ga farin ƙyalle, na gane daga likkafanin da kika ajiye wa kanki kika yanko. Na zazzage shi ko akwai takarda, babu. Na tambaye shi ko kin ce wani abu, ya ce kin dai miƙa masa kin koma ciki.

Jiya da hantsi muka ɗauke ɗiyar tamu, ni da Liman. Dakta ta sallami ma'aikatanta, ta hana ɗaukar hoto, ta ba ni buroshinta ta koma nesa ta juya baya. Abin da ya rage bai cika tafin hannuna biyu ba. Na naɗe a ƙyallenki. Liman ya ce in ba shi ya riƙe mini, na ce a'a. Da ƙafa na kai ta maƙabarta, na sa ta kusa da mahaifiyata.

Dakta ta ce tulun ba na gwamnati ba ne, namu ne. Na wanke gutsattsarin, suna cikin ɗakinki.

Yau da safe motar rusau ta shiga gonar. Ban je ba, daga gida nake jin ƙararta.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. In Bushira ta yi arba'in ki dawo, ko ba za ki yi mini magana ba. Gidan ya yi mini girma.

Ki gaida surukinmu.

Mijinki,
Malami