Miyar Albasar Salma

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Adawiyya ta zo daga Katsina da sikeli a jaka. Kilo shida na rage tun rasuwar mahaifiyarta Salma. Ta ce, "Baba, ƙarshen wata zan dawo. In ka ƙara ramewa, ka rufe gidan nan ka biyo ni." Ban yi musu ba. Ba kuma zan bar Kankia ba.

Laraba, 9 ga Afrilu
Likita ya hana ni nama tun shekara bakwai, saboda gwiwa. Tun lokacin Salma ke yi mini miyar albasa, ba nama ba kifi, ina ci har da ƙari. Yau na gwada: albasa biyar, man gyaɗa cokali uku, daddawa, tattasai. Minti tara a kan gas. Gefe ya ƙone, tsakiya ɗanye.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Minti bakwai. Ɗaci. Na zuba wa kaji, su ma sun yi shawara tukuna.

Talata, 15 ga Afrilu
Shekara talatin ina gyara rubutun mutane a gidan jarida, na san inda kuskure ke ɓuya. Na sauya albasa, na sauya mai, na rubuta kowane awo. Ba na iya zama. Daga kicin zuwa zaure, daga zaure zuwa rediyo. Wando ya ƙara sakwarkwacewa.

Asabar, 19 ga Afrilu
Tani, ƙanwar Salma, ta zo daga Mawashi. Ta ga takardar awona, ta yi dariya har da riƙe ƙofa.
"Malam Badaru, miya kake ko labaran ƙarfe bakwai?"
Na ce me ya rage a ciki.
"Ba abin da ya rage. Yaya a garwashi take yi, ta zauna tana juyawa har albasar ta yi ja kamar dabino. Kai kana ɗaki da jaridarka, kana cewa abinci ya makara."
Na faɗa kuwa. Sau da yawa.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Kurfoti na nan bayan randa, da 'yar kujerar Salma. Wata huɗu ina kewaye su. Yau ma.

Alhamis, 24 ga Afrilu
Na hura gawayi. A tsaye na yi, bayana ya ƙage, na sauke da wuri. Ta fi ta gas. Ba ita ba ce.

Laraba, 30 ga Afrilu
Adawiyya ta iso kafin azahar, ta same ni a tsakar gida ina juyawa. Ta dubi abin da nake zaune a kai. Ta ci da tuwon dawa, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta ƙara tuwo. Sikelin bai fito daga jaka ba.
Ban duba agogo ba, don haka ban san minti nawa ba. Kujerar ta yi mini gajarta. Gobe zan sa mata matashi.