Kawu Malami da Sabon Dandali

Zuwa ga ƙanena Mujaheed,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Khairiyya da yara, Ya kuma sa albarka a aikinka na Fatakwal. Mu nan Rabah sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma faɗanta na kullum, ka san kuwa alamar lafiya ke nan. Albasar mijina Bilyaminu ta yi kyau bana. Direban da zai kai ta can na ba wannan takarda, don ba na so in yi gardama da kai a gaban jama'a.

Maganar zaurenmu na waya ce. Tun da rashin tsaro ya watsa mutanen Maikujera, wasu nan, wasu Wurno, wasu Goronyo, zauren nan shi ne garin da ya rage mana. Kai ka buɗe shi, Allah Ya saka maka. Yanzu ka ce a koma sabon dandali inda komai ke da ɗakinsa, farashin albasa daban, sanarwar biki da rasuwa daban. Kana da gaskiya. Ni kaina sanarwar sunan ɗan ƙawata Sharifa ta ɓace mini cikin hotunan barka da Juma'a, har yau tana yi mini gori. Matasa duk suna bayanka. Lukman ɗan Baffa har cewa ya yi wanda ya ƙi bai waye ba. Na ce ya zo ya faɗa wa Inna haka ido da ido, har yanzu ba mu gan shi ba.

Amma sarkin dabara, ka manta abu ɗaya. Ka san al'adarmu, kowace safiya maigida yakan danna waya ya ce sun kwana lafiya, da bakinsa. Wanda ba a ji ba sai a bi sawu. Dandalinka kuwa rubutu kaɗai yake karɓa. A makon gwajin da ka sa, da kowa ya koma rubutu a can, sai aka daina jin ɗuriyar Kawu Malami na Kagara, wajen Goronyo. Aka yi ta kira ba ya ɗauka, don a ɗaki yake barin wayar in zai tafi fadama. Hankalin kowa ya tashi. Bilyaminu ya hau babur ya bi hanyar nan da ka san halinta, Inna ta kasa ko kurɓar kunu. Ya same shi garau yana ban ruwa. Ashe kullum Kawu yakan buɗe sabon dandalin, ya kai wayar bakinsa, ya gai da mutane gida gida, ya ajiye. Har shi ne mai ƙorafi, wai mi ya yi muna ba mai amsa mai. Mun yi dariya sosai, amma ni na ji tsoro, Mujaheed, don da wani abu ya samu Bilyaminu a hanya ban san yadda zan yi ba.

Ranar Juma'a za a yanke shawara. Ban ce a yi watsi da aikinka ba. A kai farashi da sanarwa can, a bar mana gaisuwar safiya inda tsofaffi ke iya magana. In an rufe tsohon zauren, su aka rufe wa baki.

Bilyaminu da yaranmu Asta da Bashar suna gaishe ku, ka shafa mini kan yara. Inna kuwa ta ce ba za ta ba da saƙo ba. Jiya na fara karanta mata rubutunka, ta ce in bari, rubutu ba ya tari, ba ya nuna ko ɗanta ya ci abinci. Tun da aka fara gwajin nan ba ta ji muryarka ba. Kullum da safe wayar tana hannunta.

Yayarka,
Halimatu Sa'adiya