Ɗakin da Ake Naɗewa

Daren Talata, Greensboro

Yau na je wurin masu sayar da motoci a Gate City duba ɗakin da ake ja da mota, tunda ƙarshen wata za a tashe ni daga gidan haya. Iri biyu na gani: ɗaya ƙaramar tirela ce, tana da banɗaki. Ɗayan kuma naɗe shi ake yi ya koma kamar akwatin kaya, babu banɗaki. Ina cikin dubawa sai ga Alhaji Isufu na masallacinmu. Ya ce, "Malam, an zama Bature ke nan? Sai yawon daji!" Na yi dariya, na ce haka ne.

Na naɗewar na zaɓa. Da rana ba wanda zai gan shi ya gane a ciki nake kwana. Ni da na koyar a jami'a a Yamai, yau na haƙura da banɗaki saboda tsoron bakin mutane.